Daga Ƙaraye zuwa Rogo: a-kori-kurar gida da ƙwaƙwalwar da ake son taɓawa

Uwargida, in hanya ta taɓa bi da ke yammacin Kano, kin san daga an wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero an kai Janguza, birni ya fara sakin mutum. Gidaje su ja baya, gonaki su matso bakin titi. Daga nan akwai hanyar da ta ratsa Durum da Kabo ta faɗa Ƙaraye, wasu kuma ta Gwarzo suke zagayowa. Ko ta ina kika bi, abu ɗaya za ki yi ta cin karo da shi: a-kori-kura, ta sha kaya har bayanta ya zauna, da mutane a saman buhuna.

Ƙaraye tsohon gari ne mai sarauta. A 2019 aka ɗaga ta zuwa masarauta, aka rushe a watan Mayun 2024, sannan a watan Yulin shekarar aka dawo da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. A nan ne dam ɗin Challawa yake, wanda aka kammala a 1992, ga masunta ga masu noman rani a gefensa. A Kusalla kuma akwai sansanin masu yi wa ƙasa hidima, inda 'yan bautar ƙasar da aka turo Kano ke yin makonni ukunsu na farko. Idan kika miƙa gaba sai Rogo, wadda ta jingina da Katsina da Kaduna, ƙasar masara da dawa da rake. Garuruwanta irin su Zarewa, Fulatan, Beli, Gwangwan da Ruwan Bago, da yawan ƙauyukan da ke kewaye da su sai an sauka daga kwalta an hau burji ake isa.

A irin wannan ƙasa a-kori-kura ta wuce motar kaya. Ita ke kai taki gona, ta kwaso amfani, ta kai kayan ɗakin amarya, ta ɗauki 'yan biki da 'yan gaisuwa. Kuma idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, ita ake buga wa ƙofa. Shi ya sa nake son mu yi maganar wani abu da za ki ɗauka na maza ne da makanikai, alhali kina da haƙƙi a cikinsa.

Me ake nufi da ƙwaƙwalwar mota?

Iyayenmu sun san tsohuwar Peugeot 404 da 504 mai kafireto. Makanike na juya ɗan noti da sukundireba, ya saurari kukan injin da kunnensa, shi ke nan. Su Toyota Hilux da Mitsubishi L200 na yanzu, har da 'yan Kwatano, ba haka suke ba. Suna da wani ɗan akwati da bai wuce girman littafi ba, makanikai na ce masa birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota. Ita ke jin yawan iskar da ta shiga injin, da zafin ruwan lagireto, da yadda direba ya taka totur, da abin da ke fita ta salansa, sannan ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da za a ba da wuta. A injin fetur ma'aunin da take nema shi ne kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. Kamar mace ce a gaban murhu, tana ɗanɗana miya tana gyara wuta, sai dai ita sau da yawa take yi a cikin daƙiƙa ɗaya.

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata 'yar kafa mai ramuka 16. Tun 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka sai da ita, daga baya sauran duniya ta bi. A nan ake jona na'ura idan an ce za a sa wa mota kwamfuta. To amma abu biyu ne ake kira da wannan suna. Na farko shi ne karantawa: na'ura ta tambayi motar me ke damunta. Wannan alheri ne, tamkar gwajin jini kafin a ba da magani. Na biyu shi ne a goge lissafin da kamfani ya rubuta a ƙwaƙwalwar a sa wani, domin a ƙara ƙarfi ko a rage shan mai. Kan wannan na biyun nake magana.

Dalilin da maganar ta yi ƙarfi ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai a-kori-kura da ke jigila tsakanin Rogo da Kano ya ga ribarsa na ƙarewa a gidan mai. Idan wani ya ce masa, "Alhaji, kawo ta Kano a taɓa mata birenbos, za ta daina shan mai kuma ta ƙara ja," ba laifinsa ba ne in ya saurara. Sau da yawa kuma kuɗin aikin daga adashinki ko daga tunkiyar da kika kiwata za a nema.

Abin da hanyar ke buƙata

Ki hau motar daga Ƙaraye zuwa Rogo ki lura da abin da injin ke sha. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Da hunturu ƙura ce ke shiga ko'ina. A watan Agusta taɓo ne, mota na tafiya a giya ɗaya tana kuka, iskar da za ta sanyaya lagireto ba ta samuwa. Ga lodin da ya wuce ƙima, ga man galan na 'yan bumburutu wanda wani lokaci da datti ko ruwa a ciki. Kamfanin da ya ƙera motar bai matse injin ya fitar da iyakar ƙarfinsa ba. Ya bar rara da gangan saboda irin wannan rana, kamar yadda maigida mai hankali ke barin hatsi a gindin rumbu saboda tsakiyar damina. Mai sauya lissafin ƙwaƙwalwa daga wannan rarar yake ɗiba.

Idan motar mai fetur ce marar turbo, irin Hilux mai injin lita 2.7 da ta cika hanyoyinmu, kuma ba a sauya mata komai ba, abin da za a samu kaɗan ne ƙwarai, domin yawan iskar da injin ke iya shaƙa bai ƙaru ba. Idan mai dizal ce da turbo, gaskiya ƙarfi na ƙaruwa har direba ya ji a ƙafarsa. Amma da ƙarin mai da ƙarin matsi ake samo shi, sai zafi ya ƙaru, kuloci da giya su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba, birki kuma yana nan yadda yake. Mota ta ƙara gudu da lodi, tsayawarta ba ta ƙaru ba. Idan kuwa man aka tsuke wa injin fetur fiye da kima don a yi tsimi, wutar cikinsa na ƙara zafi, ya fara ƙwanƙwasa, a hankali bawul ko fistin ya ƙone. Kuɗin sabon injin a kasuwar Ƙofar Ruwa ya isa ya cinye tsimin shekaru. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Galibi ba ƙwaƙwalwar ce ke sa mota shan mai ba. Ƙarya ake yi mata, ita kuma ta yi aiki da abin da aka gaya mata. Babban misali shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu akwai zafi. Injin sai ya daɗe bai kai zafin da ya kamata ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu sanyin asuba ne, ta ci gaba da zuba mai da yawa. Haka in sensar salansa ta mutu, ko fulogi ya tsufa, ko nozul ya toshe, ko taya ba isasshiyar iska, ko matatar iska ta cushe da ƙurar hunturu har direba sai ya danne totur. Duk waɗannan gyaransu ya fi sauƙi. Ita kuma 'yar fitilar da ke kamawa a gaban direba, goge ta da na'ura ko manna mata baƙin salatif daidai yake da a bai wa yaro farasitamol a ƙi yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro. Zafin jiki ya sauka, cutar tana nan.

Inda abin ya shafi jikinki

A aikinmu na jinya abu biyu ne ke sa ni damuwa da wannan magana. Na farko hayaƙi. Sau da yawa da an taɓa ƙwaƙwalwa, ana haɗawa da cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, a kashe fitilar da za ta tona asiri. Wannan matatar ita ke rage gubar da ake kira kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, kuma jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe ta. Su wa ke zama a bayan a-kori-kura, kusa da bakin salansa, wani lokaci an rufa tamfol saboda ruwa ko sanyi? Mu da yaranmu. A 1992 mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA ta buga rahoto kan yaran da wannan guba ta kama suna zaune a bayan irin waɗannan motoci a rufe. Idan yaro ya ce kansa na ciwo, ko jiri, ko amai, ko ya yi wani barci mai nauyi a hanya, kada ki ce gajiya ce. A tsaya, a fito da shi iska, in bai warware ba a nufi asibiti. Baƙin hayaƙin dizal kuma, tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu.

Na biyu lokaci. Zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace cikin awa biyu in ba a tsayar ba. Daga ƙauye a kai babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kowane minti da lissafinsa. Motar da ke kan saitin kamfani, in ta yi gardama a hanya, duk makaniken da ya san irinta zai iya lalubo matsalar. Wadda aka sauya wa lissafi kuwa, sirrinta na cikin kwamfutar mutum ɗaya a Kano, shi kuma yana barci. A daren nan ba wanda ke neman mota mai gudu. Wadda za ta tashi a bugu ɗaya ta isa ba ta tafasa ba ake nema.

Ba cewa nake kada a taɓa ƙwaƙwalwar mota har abada ba. In ta ƙone, ko ruwa ya shige ta, ko an sauya injin, ko kamfani da kansa ya fitar da gyara, dole a kai wa wanda ya iya. Amma mota lafiyayya da ba a sauya wa komai ba, mai ɗaukar iyali a kan burji, ba wurin gwaji ba ce.

Yadda za ki sa baki

Ba sai kin iya riƙe sifana ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, "Malam, kafin a kai ta Kano, ina da 'yan tambayoyi." An karanta motar da na'ura, me ta ce? Tamostat na nan ko an cire? Yaushe rabon da a sauya matatar iska da fulogi da baƙin mai? Indomin na nan, salansa ba ta yoyo? An taɓa cika tanki a rubuta kilomita a ga ainihin abin da take sha, ko da ka ake lissafi? In kuma ya dage sai an yi, to mai aikin ya fara ajiye kwafin lissafin asali ya ba ku, ya kuma yarda zai mayar in an ga ba daidai ba. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, a bar masa kayansa. In kuɗinki ne za a sa, ki ce a fara da taya da birki.

In kuma motar ba taku ba ce, ta maƙwabci ce ko ta ɗan'uwa, kina da ciki ko 'yarki na da shi, ki sa maigida ya san tun watan bakwai wace mota ce lafiyayya a ƙauyen, ya karɓi lambar direban, a ware kuɗin mai. Mai naƙuda da jariri gaba za su zauna, gilashi a ɗan buɗe.

Ranar da kika samu zuwa, ki tsaya Ƙaraye ki sayi kifin dam, ki ƙarasa Rogo ki sha rake a inda ake yankan sa. Idan a-kori-kura ta wuce ki, ki dubi abin da ke fita ta bayanta da waɗanda ke zaune a kai. Mata 'yan'uwa na Ƙaraye da Rogo da kewaye, ku faɗa mana a ƙasa: idan dare ya yi aka buƙaci asibiti, wace mota ake nema a garinku, kuma ta taɓa tsayawa da ku a hanya? Allah ya kai mu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya.