Naira Dubu 18 Na Biya Don Tsoron Hasken Waya

Jama'a, bari in tona wa kaina asiri yau, ko wata ta tsira da kuɗinta.

Bayan haihuwata ta biyu wani baƙin tabo ya fito min a kumatu biyu da goshi, kamar an shafa toka. Na yi dilka, na yi kurkur da madara, shiru. Maigidan ya dube ni wata rana ya ce, "Ai wayar nan ce da kike manna wa fuska har ƙarfe ɗayan dare." Na ji haushi, amma maganar ta zauna min a rai. Ana haka sai ga wata mai sayar da kaya a WhatsApp ta saka wani man fuska, wai yana kare fata daga shuɗin hasken waya da kwamfuta. Dubu 18. Kuɗin adashena ne wallahi, ban ko yi ciniki ba.

Wata biyu ina shafawa safe da dare, tabo na nan daram. Da na gaji na je wajen likitar fata ɗauke da kwalbar. Ta juya ta, ta karanta bayanta, ta ce, "Hajiya, a ina kike wuni?" Na ce shagon ɗinki gare ni, kullum ina kasuwa sayen yadi da rana tsaka, a adaidaita sahu. Ta yi murmushi ta ce, "To kin bar jaki kina dukan taiki."

Ga abin da na fahimta daga bakinta da kuma ɗan karatun da na yi daga baya. Shuɗin haske gaskiya ne, ba ƙirƙirar ƴan kasuwa ba ne. Wani yanki ne na hasken da ido ke gani, tsakanin nanomita 400 zuwa 500. Kuma mu masu duhun fata ya fi shafa: wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya nuna hasken da ido ke gani yana sa fata mai duhu ta ƙara baƙi, baƙin kuma ya daɗe, alhali farar fata ba ta nuna haka ba. Sai dai babbar mashigar wannan haske rana ce. Wanda waya ke fitarwa ɗan mitsitsi ne idan aka gwada da ranar Kano ta watan Afrilu. A Faransa ma an haska wa masu irin tabona shuɗin haske daidai da na zaman awa 8 gaban allon kwamfuta kullum har kwana 5, tabon bai ƙaru ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne batun gwaji. Lambar SPF da muke gani a jikin kwalba tana da ƙa'idar duniya: ana shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fatar mutum, a haska masa fitila, a ga yaushe fatar za ta yi ja. Amma wannan lamba ta hasken UVB ce mai ƙona fata, ba ruwanta da shuɗin haske. Shi shuɗin haske babu wata lamba guda da duniya ta amince da ita irin SPF. Wani kamfani ya gwada a kan faranti a ɗakin bincike, wani a kan ƙwayoyin fata, kowa ya rubuta abin da ya yi masa daɗi a kwali.

Likitar ta ba ni wata dabara mai sauƙi. Ta ce hasken da ido ke gani, abin da zai tare shi sai ya zama ido na ganinsa a fata. Man da kika shafa ya ɓace fes kamar ruwa, da wuya ya tare wani abin kirki. Wanda ke aiki shi ne man kariyar rana mai launi, mai ɗauke da iron oxide, sinadarin da ke ba fandeshin da hoda kalarsu. A jerin kayan haɗi za ki gan shi da CI 77491, CI 77492 ko CI 77499. Na duba kwalbar dubu 18 ɗina a gabanta, ko ɗaya babu.

Tabon nawa sunansa melasma, juna biyu da rana ne suka haɗu suka kawo shi. Yanzu ina shafa mai launin kafin in fita, ina riƙe lema, na kuma mayar da zuwa kasuwa da sassafe. Ya fara dusashewa a hankali, Alhamdulillah.

Ƴan uwana mata, kafin ki tura kuɗi ki tambayi mai kaya: me ke ciki, akwai lambar NAFDAC? In ta ce haɗi ne na musamman, sirri ne, ki riƙe kuɗinki, don a irin wannan sirrin ake ɓoye man bilicin mai cinye fata. Maigida kuma na gaya masa sakamako. Ya ce duk da haka in rage latsa waya da dare saboda barci. Nan kam ban iya musu ba.