Kati a Kano, Suna a Kaduna

A daminar 2022 aka yi mini canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Kano. A watan Mayun shekarar ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar inshorar lafiya ta NHIS zuwa NHIA, aka kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Mu ma'aikatan gwamnatin tarayya mun daɗe a ciki, domin da mu aka fara shirin tun 2005, saboda haka na taho da iyalina hankali kwance.

Ba mu gama kintsa kaya a Hotoro ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da 'yar autarmu. Cikin dare na saɓa ta a kafaɗa zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu. Ma'aikacin ɗakin kati ya duba kwamfuta, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, sunanka ba ya wurinmu." Na ce ai katin inshorarmu na gwamnati ne. Ya ce e, amma kowane kati da asibitinsa. Duk wata akwai ƙayyadadden kuɗi da ake tura wa asibitin da mutum ya zaɓa, a kan kowane suna, ko ya je ko bai je ba. Namu kuɗin yana can Kaduna yana shiga, ga yarinya a Kano jikinta kamar garwashi. Daga aljihuna na biya kuɗin gwajin jini da allura.

Da ta warware na shiga neman asibitin da za mu mayar da sunanmu. Maƙwabta sun ba ni shawara da zuciya ɗaya, sai dai yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan jiha, masu rajista da KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano. Tsarinsu daban, jerin asibitocinsu daban. Wani wurin na ga allo a ƙofa cewa suna karɓar inshora, na shiga na tarar da mata a kan benci, kowace da takardar magani a hannu, an ce su je kemis su saya. Wannan ya fi komai ɓata mini rai. An yanki kuɗi dominsu, an kuma sallame su hannu wofi.

Wadda ta warware mini zare wata dattijuwar nas ce mai ritaya, ƙawar surukata. Ta ce, "Ɗana, kada fenti ya ruɗe ka. Ka je da daddare ka ga ko akwai likita. Ka leƙa ɗakin magani. Ka tambayi masu jira ko ana ware mai kati da mai kuɗi a hannu." Haka na yi. Bayan sallar isha'i na riƙa zagayawa, har na dace da wani asibiti mara ƙyalƙyali, mai ɗakin gwaji a ciki da likitan kwana, wanda adaidaita sahu ɗaya ke kai mu. Na cike fom ɗin sauya asibiti ta hannun kamfanin da ke tsakaninmu da hukumar, wanda ake kira HMO, muka jira sunayenmu su fito a sabon jeri. Jiran nan da fargaba muka yi shi, domin damina ba ta wuce ba, sauro kuma bai ɗaga ƙafa ba.

Tun da sunan ya fito, ganin likita ba na biya, magani kuma kashi 10 cikin 100 nake bayarwa. A can uwargida ta yi awon ciki. Da aka buƙaci ƙwararren likita, su suka nemo lambar izini daga HMO suka tura mu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Abin da har yanzu ke ci mini rai shi ne Inna. Katin ya ɗauki ma'aikaci da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, bai ɗauki uwa ba sai da ƙarin biya. Ita kuwa ta fi kowa a gidan buƙatar likita, ga hawan jini ga ciwon gwiwa. Yanzu haka ina tara kuɗin yi mata rajista ta daban, a asibitin nan namu.