Garma da Irin Ƙasarta

Akwai wani dattijon manomi a Keffi wanda maƙera kan ƙosa da cinikinsa, domin ba ya biyan kuɗin garma sai ya auna bakinta da tafin hannu. Gonarsa jigawa ce mai laushi, saboda haka faffaɗa yake nema, wadda za ta kwaso ƙasa ta ta da kunyar doya nan da nan.

Har a duwatsun Suwizalan masu zamiya bisa dusar ƙanƙara haka suke zaɓen katakon ƙafarsu: faffaɗa ga mai laushi don kada su nutse, siriri ga daskararriya.

Ɗansa kuwa tudu mai tsakuwa yake nomawa, inda faffaɗa kan lanƙwashe kafin hantsi. Siririya mai kauri dattijon ya zaɓar masa, ko da yake yaron ya raina ta.