Guzurin Ɗanmu

Sa'ad da ɗanmu na fari zai tafi bautar ƙasa a Enugu cikin 2019, mu iyayensa muka so mu fita kunya. Yaron kuwa mai son tafiya ne. Muka saya masa akwati mai taya, kyakkyawa ƙwarai, har da cin bashi. Kakarsa ta duba, ba ta tanka ba. Sai ta aika Kasuwar Kurmi aka sayo 'yar jakar fata, ɗinkin dukawa, irin ta ratayawa a wuya. Ta ce, "Maigida, takardunka a nan za su kwana."

Da aka sauke kaya a tasha, akwatin bai fito ba. Takardun suna ƙirjinsa. Bashin kuwa wata biyar muka yi muna biya.