Yaran Ƙuryar Ɗaki

Aikin riga-kafin shan inna ne ya shigar da ni gidajen da baƙo namiji ba ya wuce zaurensu. Na fara shi bayan hayaniyar 2003, lokacin da Kano ta dakatar da riga-kafin, jita-jita ta game ƙasar Hausa wai maganin yana hana haihuwa. An yi ta sauya mini wurin aiki tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ko'ina dai aikin ɗaya ne: kular magani a kafaɗa, ɗigo biyu a bakin duk ɗan ƙasa da shekara biyar, tawada a ƙaramin yatsan hagu, sannan alli a jikin bango.

In mun gama da yaran tsakar gida, nakan tambaya ko da saura. Sau da yawa sai a ce babu, can kuma ka ji motsi a ɗaki. A wani gida a yankin Faskari na ce wa tsohuwar gidan, "Inna, na ciki fa?" Ta ce, "Malama, wannan ai ɗan ruwa ne, ba ya cikin lissafi." Yaro ne ɗan shekara huɗu kwance a tabarma, wuya bai tsaya ba, hannaye a dunƙule, amma idonsa na bin duk inda na juya. Da na zauna da uwar, sai ta ce kwana uku da haihuwarsa idonsa ya yi ɗorawa, ya daina kama nono, ya riƙa sanƙarewa. An yi rubutu, an yi turare, ba a je asibiti ba sai bayan suna.

Wannan labari na ji shi har na haddace. Shawarar jarirai in ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da shanyewar jiki ko kurumta, alhali in an kai shi da wuri ana sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila ya warware. Doguwar naƙuda ma haka take yi. Sanƙarau na lokacin bazara yakan tafi da ji, ƙyanda ta tafi da gani. Shi ya sa na riƙa koya wa ungozoma su fito da jariri haske, su danna goshinsa da yatsa su ɗaga. In wurin ya nuna rawaya, a nemi mota. Masu farfaɗiya kuwa, na sha gaya wa iyaye ba a ɗaukarta ta yawu, kuma akwai ƙwayar da ke riƙe ta.

Akwai yarinyar da sanƙarau ya toshe wa kunne a wani ƙauyen Ƙanƙara. An cire ta daga makarantar allo, aka bar mata tallan ƙuli. Na yi ta bin mahaifinta har ya yarda ya je ya ga makarantar kurame ta Malumfashi da idonsa. Ya dawo ya ce mini, "Malama, ashe har lissafi suke yi." Aka kai ta makarantar. Hutun farko da ta zo, na same ta a gindin darbejiya ta tara ƙannenta tana koya musu maganar hannu, tana rubuta sunan kowa a ƙasa da tsinke. Wasu iyayen daga nan suka fara tambayar makarantar makafi ta Katsina. Gani ya kori ji.

A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Murnar ba ta daɗe ba. Ranar 11 ga Disamba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Yaran sun dawo bayan kusan mako guda, amma tsoron makarantar kwana ya zauna a zukatan iyaye, kuma makarantun masu buƙata ta musamman galibi na kwana ne. Wa zai tura ɗan da ba ya jin ƙarar bindiga ko ba ya ganin hanyar gudu? A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mace ta fara naƙuda da dare, ba waya, ba mai babur da zai fito, sai a jira gari ya waye. Ƙauyuka da dama mu ma muka daina shiga.

Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya tana nan tun 2019, amma doka ba ta san yaron da ba a rubuta sunansa ba. Jariran da aka haifa a waɗancan darare yanzu sun tasa, sun kusa shiga aji ɗaya. Kafin a yi maganar malami ko keken guragu ko na'urar ji, sai an bi gida gida an ƙirga su, kamar yadda aka bi aka kori ƙwayar shan inna ta asali.