Kafin Ki Yanki Tikiti, Auta

Autar Inna,

Ya sanyin Bronx, ya su Ummi da makaranta? Na saurari saƙonki har ƙarshe, da shesshekar da kike ɓoyewa. Kin ce Kano za ki jinyar Inna, dawowa kuma sai yadda hali ya yi. Allah Ya saka miki da alheri, ba zan hana ki ba. Amma wannan "sai yadda hali ya yi" ɗin ne ya hana ni barci.

Koren katinki izinin zama ne a Amurka, ba fasfo ba ne. Da kin fita ƙasar nan, da fasfon Najeriya za a san ki. Naki mai shekara 5 ne, tun bikin Yaya Babba kika yi shi, don haka tashi ki duba shi yanzu. In ya kusa mutuwa, ofishin jakadancinmu na New York na nan kusa da ke. Sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a ko'ina. Kin dai san aikin Baba da shekarunmu.

Ga inda nake so ki nutsu. Kika haura wata 6 a waje, za ki sha tambaya a filin jirgi, kuma lissafin shekara 5 da kike yi na zama 'yar ƙasa yana iya tsinkewa. Kika cika shekara guda, katin shi kaɗai ba zai shigo da ke ba. Sai neman bizar SB-1 a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, ki tabbatar musu cewa abin da ya fi ƙarfinki ne ya riƙe ki, su kuma ba dole ne su yarda ba. Ciwo irin na Inna ba a yi masa wa'adi, Auta. Ki cike fom I-131 na izinin sake shigowa, wanda ke kaiwa har shekara 2. Kina cikin Amurka ake cike shi, ba daga Fagge ba, kuma ki tsaya a ɗauki hoton yatsunki kafin ki tashi. Takardar kuwa za ki iya neman a aika miki ofishin jakadanci can gida.

Kada ki saki ɗakinki, kada ki rufe asusun banki, ki cike takardun haraji kamar kullum. Su ne shaidar cewa ba ƙaura kika yi ba. In kuma ran dawowa wani jami'i ya miƙo miki fom I-407, kar ki sa hannu don kunya ko tsoro: sallama katin ke nan da kanki. Kina da haƙƙin a kai maganar gaban alƙali.

Sai halin nan naki, Sarauniyar Mantuwa. Katin da muka sha wuya a kansa ba na jefawa cikin jakar turare ba ne. Ya ɓata a Kano, sai fom I-131A da biyan kuɗi da sintirin ofishin jakadanci kafin jirgi ya yarda ya ɗauke ki. Wa zai zauna da Inna ranar?

Zancen leƙa Gwaggo a Toronto kafin tafiya: mai koren kati ba ya buƙatar bizar Kanada, amma tun 2022 fasfo da kati tare suke nema.

Zan aiko miki da na'urar awon jini da zannuwan Inna. Ki shafa mini ƙafarta, ki ce Yaya na tafe in an samu hutu. Kilishi kuwa ki ci rabona a can, kwastan ba sa barin nama ya shigo.

Daren nan ki turo mini hoton fasfon da na katin, gaba da baya.

Yayarki