Hotuna Biyu a Bangon Gwaggo

Mai karatu, in ka taso daga Gusau ka kama hanyar Sakkwato, kafin rabin awa ka iso Bungudu. Gari ne na manoma a bakin gulbin Sakkwato. Da damina gero da dawa sun rufe hanya hagu da dama. In kana da ɗan'uwa a garin, kada ka tsaya gaisuwar bakin titi, ka shiga ka yi sallama a zaure.

Ni gidan gwaggona na sauka. A ɗakinta, bisa jeren kwanuka, akwai tsofaffin hotuna biyu baƙi da fari, kowanne a gilashinsa. Ɗaya marigayi mijinta ne cikin babbar riga, ɗayan kuma ita ce tana amarya, ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta me ya hana su yi hoto guda. Ta yi dariya ta ce, “Ɗan nan, a zamaninmu wace amarya za ta jera da ango gaban baƙo?” Shi a Gusau aka ɗauke shi, ita kuwa har gida mai hoto ya zo. Da aka rataye, sai ga su suna fuskantar juna.

Abin ya tuna min da wani zane da ke gidan tarihi na Uffizi a Italiya. Piero della Francesca ya zana Federico da Montefeltro, mai mulkin Urbino, da matarsa Battista Sforza, kowa a allonsa, suna duban juna. Gefen hagu na fuskar mijin aka nuna, don ya rasa idon dama a wasan doki da mashi. Matar ta rasu a 1472, kuma masana da dama na ganin bayan rasuwarta aka yi zanen, don kada kamanninta su ɓace.

Nasu ya haura shekara 500 ana adana shi. Na gwaggo kuwa danshin damina ya fara cin gefen hular mijin. Na ɗauki biyun zuwa Gusau aka sake wanke su, na raba wa jikoki.

Kai fa, ina hoton auren iyayenka? In yana ƙasan akwati, fito da shi tun masu ba da labarinsa suna raye.